Haɗa jerin waƙoƙin kantiri-rok masu jitar feda: bi hannun makaɗi, ba sunan mawaƙi ba

Tambaya: Akwai wani abin kiɗa da nake ji a tsofaffin waƙoƙin Amurka, kamar jita amma sautinsa na zamewa kamar mai kuka. An ce mini sunansa pedal steel. Ina so in haɗa jerin waƙoƙin country rock da ake jin sa sosai, wanda zai ishe ni tafiyar mota. Na gwada, amma rabin waƙoƙin da na tara babu shi a ciki, sauran kuma duk masu sanyi ne har barci suke sa ni. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne. Kana zaɓe da sunan mawaƙi ko na ƙungiya, alhali a wannan kiɗan mai riƙe makirfo ba shi ne ke kaɗa abin da kake nema ba. Masu kaɗa jitar feda, wato pedal steel ɗin da ka ambata, a shekarun da kantiri-rok ya yi tashe, wato daga 1968 zuwa tsakiyar shekarun 1970, ba su da yawa, kuma su ɗin ne dai ake gayyata daga wannan situdiyo zuwa wancan. Idan ka riƙe sunaye goma sha biyu, ka samu waƙoƙin da suka fi ƙarfin jeri ɗaya. Amma kafin sunaye sai kunnenka ya iya tantance sautin, domin akwai kayan kiɗa huɗu da ke kama da ita, kuma su ne suka cika maka jeri da abin da ba ka nema ba.

Jitar feda ba a rungumar ta a ƙirji. Kwance take a kan ƙafafu huɗu kamar ƙaramin tebur, makaɗi yana zaune a gabanta. Hannunsa na hagu yana riƙe da guntun ƙarfe mai santsi da nauyi, yana zamar da shi a kan tsirkiyoyi, galibi guda 10. Hannun dama yana tsinkar tsirkiya da farcen roba a babban yatsa da na ƙarfe biyu a yatsun da ke biye. A ƙasa akwai feda, yawanci uku, da ƙafar hagu ke takawa, sannan akwai 'yan sandunan ƙarfe huɗu ko biyar rataye a ƙarƙashi da ake turawa da gwiwa. Kowace feda tana ƙara wa wasu tsirkiyoyi tauri ko ta sassauta su. A saitin da aka fi amfani da shi, wanda ake kira E9, feda ta farko tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#, ta biyu kuma tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A. In aka taka su tare, haɗin sautin E ya koma A ba tare da ƙarfen hannu ya motsa ko kaɗan ba. Ƙafar dama kuma tana kan fedar ƙarar sauti.

Daga wannan bayanin za ka ciro gwaji biyu na kunne. Na farko: saurari sauti biyu ko uku da ke tashi tare. Idan ɗaya ya tsaya cak a wurinsa, ɗayan kuma ya hau ya same shi, feda ce ta yi aikin. Na biyu: ba ka jin lokacin da farce ya taɓa tsirkiya. Makaɗi yana tsinka ne sauti na ƙasa, sannan ya buɗe shi a hankali da ƙafar dama, shi ya sa sautin ke fitowa kamar daga nesa, ya kumbura, ya daɗe bai mutu ba. Wanda ya saba jin goge ko kukuma zai gane wannan zamewar nan take, domin su ma sautinsu ba ya tsalle daga mataki zuwa mataki, bi yake yi ta tsakani. Wannan salon na canza sauti da feda alhali tsirkiya na cikin amo ya samo asali ne daga Bud Isaacs a waƙar Webb Pierce mai suna "Slowly", wadda ta yi tashe a 1954. Kafin nan ana taka feda ne kawai don sauya saiti.

Ga waɗanda ke ruɗar mutane. Jitar cinya, wadda ta samo asali daga tsibirin Hawai, ita ma da ƙarfe ake kaɗa ta, amma babu feda, saboda haka sautukan duka tare suke hawa, tare suke sauka. Abin da David Lindley ya kaɗa a "Running on Empty" ta Jackson Browne ke nan: mai ƙarfi, mai daɗi, amma ba abin da kake nema ba ne. Akwai jitar da ake sa wa kwalba a yatsa, irin ta Duane Allman, sautinta yana da kaushi kuma ana jin kartar tsirkiya. Akwai dobro, wadda ba ta lantarki ba ce, amonta na ƙarfe ne kuma ba ya daɗewa. Wadda ta fi kowa yaudara ita ce B-Bender, wata na'ura da Gene Parsons da Clarence White suka ƙera suka sa a cikin jitar lantarki ta Telecaster: in makaɗi ya danna wuyan jitar ƙasa, igiyar kafaɗa ta ja tsirkiya ɗaya tak ta ɗaga ta. An ƙera ta ne musamman don kwaikwayon jitar feda. "Peaceful Easy Feeling" ta Eagles tana cikin kusan kowane jeri irin wanda kake son haɗawa, kuma abin da Bernie Leadon ya kaɗa a tsakiyarta B-Bender ce. Saurara da kyau za ka ji bugun farce a farkon kowane sauti, kuma tsirkiya ɗaya ce kawai ke lanƙwasa. Idan Eagles kake so, ɗauki "Ol' 55" da Al Perkins ya kaɗa wa, ko "Best of My Love" inda Leadon ɗin kansa ya zauna a gaban jitar feda. Duka biyu suna faifan On the Border na 1974.

To, sunayen. Fara da Lloyd Green da JayDee Maness, waɗanda suka raba aikin faifan The Byrds mai suna Sweetheart of the Rodeo na 1968. Green makaɗin situdiyo ne a Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, hannunsa tsaf, ba ya barin sauti ya karkace. Shi ne ke buɗe "You Ain't Goin' Nowhere" tun daga daƙiƙar farko, shi ne kuma a "One Hundred Years from Now" da "Hickory Wind". Kunnen ɗan Najeriya ya san hannun Green ko da bai san sunansa ba, domin ya yi shekaru yana kaɗa wa Don Williams, wanda kaset ɗinsa suka cika motoci da gidajen rediyonmu. Maness kuwa ɗan Kalifoniya ne, sautinsa ya fi kaifi da tsalle. Ji shi a "You're Still on My Mind".

Sneaky Pete Kleinow ya kamata ka ba shi wuri fiye da ɗaya, domin shi ne ya fi kowa mayar da wannan abin kiɗa na rok. Bai bi hanyar Nashville ba. Tsohuwar Fender 400 mai tsirkiya 8 yake kaɗawa da saitin B6, kuma yana bi da sautin ta wata na'ura da ke dagula shi ya yi gurnani. A faifan The Gilded Palace of Sin na Flying Burrito Brothers, 1969, saurari "Christine's Tune": a cikin baiti jitar tana tafiya lafiya lau irin ta ƙauye, sai kwatsam ta yi ƙara kamar injin niƙa ya kama dutse. Mutane da yawa suna ɗauka jitar lantarki ce ta shigo, nan kuwa shi ne dai bai tashi daga kujerarsa ba. "Wheels" ma haka, sautin gurnanin yana shigowa dogo a ƙarƙashin amshi. A "Sin City" kuma ya sauko da murya, ya bi bayan mawaƙa biyu a hankali. Shi ne a "Willin'" ta Little Feat ta faifan Sailin' Shoes na 1972, shi ne kuma a "Take It Easy" da Jackson Browne ya rera a 1973.

Ben Keith akasinsa ne. Neil Young ya same shi a Nashville a farkon 1971 lokacin ɗaukar faifan Harvest, suka kuma yi aiki tare har rasuwar Keith a 2010. Keith ba ya yawan magana da jita. A "Out on the Weekend" yakan saki sauti ɗaya ya bar shi ya miƙe a kan ganga mai nauyi, kamar hayaƙin da iska ba ta kaɗa ba. "Heart of Gold" da "Old Man" ma shi ya kaɗa musu. A ganina duk jerin da babu Keith a tsakiyarsa ya rasa wurin hutawa, domin bayan waƙa uku masu cike da kwalliya kunne yana bukatar mai faɗin kalma ɗaya ya yi shiru.

Sauran zan bi su da sauri. Pete Drake ne a "Lay Lady Lay" ta Bob Dylan, 1969, da "Behind That Locked Door" ta George Harrison, 1970. Rusty Young ya fara da "Kind Woman" ta Buffalo Springfield a 1968, daga nan aka kafa Poco da shi, kuma yakan bi da sautinsa ta sifikar Leslie mai juyawa har ka rantse ogan ake kaɗawa. Red Rhodes ne a "Joanne" ta Michael Nesmith, 1970. Tom Brumley, wanda ya baro ƙungiyar Buck Owens, shi ne a "Garden Party" ta Rick Nelson, 1972. Buddy Emmons, wanda masu sana'ar ke ɗauka a matsayin babban malaminsu, shi ya kaɗa "Someday Soon" ta Judy Collins. Al Perkins, ban da Eagles, yana "Torn and Frayed" ta Rolling Stones da faifan Grievous Angel na Gram Parsons. Dan Dugmore ne a tsakiyar "Blue Bayou" ta Linda Ronstadt, 1977. Jerry Garcia na ƙungiyar Grateful Dead bai daɗe da fara koyon abin ba lokacin da ya kaɗa "Teach Your Children" ta Crosby, Stills, Nash & Young da "Dire Wolf" ta ƙungiyarsa, duka a 1970 suka fito. Ana jin hannunsa bai kai na 'yan Nashville goguwa ba, amma yana da kunnen waƙa, abin da ya kaɗa ana iya rera shi da baki. Da ya bar New Riders of the Purple Sage, Buddy Cage ya gaje shi, shi ne a "Panama Red" ta 1973.

Kada ka ɗauka duk waƙar da aka rubuta sunan makaɗi a kanta ta cancanci shiga. Raba abin da ka tara gida uku bisa aikin da jitar ke yi. Akwai inda ita ce ke share fage kuma ita ke kiɗan tsakiya, kamar "You Ain't Goin' Nowhere" da "Dire Wolf". Akwai inda take amsa wa mawaƙi a ƙarshen kowane layi kamar 'yan amshi. Akwai kuma inda take can baya kamar labule, sai ka natsu za ka ji ta, irin "Tiny Dancer" ta Elton John da B.J. Cole ya kaɗa wa a Landan. A jeri mai waƙa 24, wanda zai ba ka kimanin minti 90, sa rabi daga gida na farko, tara daga na biyu, uku kawai daga na uku. In na uku suka yi yawa, za ka koma gidan jiya: sunan abin yana rubuce, kunne bai ji shi ba, musamman a mota inda ƙugin inji da na taya ke haɗiye siririn sauti.

Yanzu maganar barci. Dalilinsa a fili yake: abin kiɗan da ƙarfinsa ke cikin dogon sauti, masu shirya waƙa sun fi kiran sa a waƙoƙi masu tafiyar hawainiya. In ka tara ba tare da lura ba, yawancin abin da ke hannunka masu sanyi ne. Maganin shi ne ka ware masu sauri tun farko ka riƙe su kamar gishiri, kada ka zuba su wuri ɗaya. "Christine's Tune", "One Hundred Years from Now", "Panama Red", "You're Still on My Mind" da "Pickin' Up the Pieces" ta Poco su ne turakunka. Kafa ɗaya bayan kowace waƙa uku ko huɗu. Masu matsakaicin gudu, irin "Garden Party", "Torn and Frayed", "Take It Easy" da "Fire on the Mountain" ta Marshall Tucker Band, su ne gadar da ke haɗa mai sauri da mai sanyi. Kada mai sanyi ta wuce biyu a jere. Kuma lura da masu bugu uku-uku: "Hickory Wind" da "Sin City" in suka biyo juna sai su zama kamar waƙa ɗaya doguwa, kowace ta rage wa 'yar'uwarta kwarjini. Sa aƙalla waƙa biyar a tsakaninsu.

Haka nan kada makaɗi ɗaya ya yi waƙa biyu a jere. Wannan ya fi raba mawaƙa muhimmanci. In Green ya gama, Kleinow ya shigo, Garcia ya biyo, Keith ya karɓa, kunnenka zai riƙa jin bambancin hannu, kuma nan ne daɗin jerin yake. Buɗewa mai kyau ita ce "You Ain't Goin' Nowhere", "Christine's Tune", "Dire Wolf", "Out on the Weekend", sannan "Garden Party". Waƙa biyar, hannu biyar, gudu yana hawa yana sauka.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki shi ne ɗaukar waƙa daidai a sigar da ba daidai ba. "Wild Horses" ta Rolling Stones ta 1971 babu jitar feda a ciki. Wadda Flying Burrito Brothers suka fitar a 1970, kafin ta masu waƙar ma, ita ce mai Kleinow. "Take It Easy" ta Eagles banjo ce ke gudu a cikinta, ta Browne ce mai feda. "Willin'" tana faifan Little Feat na farko ma, amma a can jitar kwalba ce. Akwai kuma waƙoƙin da mawaƙi ya sake ɗauka bayan shekaru da wasu makaɗa, ko na dandali da aka ɗauka a gaban jama'a. Saboda haka duba sunan faifai da shekara kafin ka danna. Sashen da manhajojin sauraro ke nuna sunayen waɗanda suka yi aiki sau da yawa ba ya cika a tsofaffin faifai, yakan tsaya ga marubuci da mai shiryawa. Shafin Discogs ya fi amfani, domin ana kwafe abin da ke bayan kwalin faifan ne, kuma in ka danna sunan makaɗi zai jero maka sauran faifan da ya yi aiki a kai. Ta nan jerin ke yin reshe.

Ka san kuma abin da waƙa ke faɗa kafin ka kunna ta a motar da iyali ke ciki ko a shago. "Panama Red" sunan wani nau'in tabar wiwi ne, "Willin'" kuma tana ambaton kayan maye ƙarara a amshinta. Kiɗansu na da kyau, amma zaɓi naka ne, kuma in ka cire su "Someday Soon" da "Joanne" ba su da wannan matsalar.

Sai saitin waya. Kunna daidaita ƙarar sauti, wanda Spotify da Apple Music duka suke da shi, domin faifan 1969 da aka bari yadda yake da wanda aka sake gogewa a shekarun baya-bayan nan ba ƙararsu ɗaya ba, in ba haka ba hannunka ba zai bar maɓallin ƙara ba. Kashe saitin da ke cusa ƙarshen waƙa cikin farkon ta gaba, ko ka bar shi a daƙiƙa biyu. Jitar feda takan rufe waƙa da dogon sauti mai mutuwa a hankali, takan kuma buɗe ta gaba da kumburi daga shiru, to in ka sa daƙiƙa takwas ko goma, sautuka biyu da ba su jitu ba za su hau kan juna. Kashe zaɓen barkatai, tunda ka sha wahalar jerawa. Kuma kada ka saurara da kunne ɗaya. Faifan ƙarshen shekarun 1960 sukan jefa kayan kiɗa can gefe guda. A The Gilded Palace of Sin muryar Gram Parsons tana gefe ɗaya, ta Chris Hillman tana ɗayan, in ka cire kunne ɗaya mawaƙi guda ya ɓace. In sifikar ƙofa ɗaya ta motarka ta mutu, shiga saitin wayar ka kunna haɗe sauti wuri ɗaya, wato mono.

Game da data, sauraro a kilobit 160 a daƙiƙa yana cin kimanin megabait 1.2 a minti, wato minti 90 zai ci wajen megabait 108, a 320 kuma ninki biyu. Kada ka sauka ƙasa da 160 in da hali, domin matse sauti da yawa yana sa dogon siririn amo ya riƙa rawa kamar ana jin sa ta cikin ruwa, kuma wannan amon shi ne dalilin haɗa jerin. Sauke waƙoƙin a waya kafin ka kama hanya. Rubuta sunayensu da na faifai a wani wuri daban, domin waƙa kan ɓace daga manhaja: Neil Young ya janye waƙoƙinsa daga Spotify a farkon 2022, bai mayar ba sai 2024, duk jerin da ke da Ben Keith ya yi giɓi a tsakani.

Idan kana so jerin ya wuce shekarun 1970, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshe ya isa. Paul Franklin ya kaɗa wa Dire Straits a faifan On Every Street na 1991, Lloyd Maines yana faifan Anodyne na Uncle Tupelo na 1993, sannan "Windfall" ta Son Volt ta 1995 waƙar hanya ce da ta dace da rufewa. Sa su a ƙarshe a jere, kada ka warwatsa su cikin tsofaffin, domin gangarsu da bes ɗinsu sun fi nauyi, in suka faɗo tsakanin waƙoƙin 1969 sai na gefensu su zama kamar ba su da jini.

Akwai kuma hannu ɗaya daga gida da ya kamata ka sani. Demola Adepoju ya kaɗa jitar feda a ƙungiyar King Sunny Adé, ana jin sa a faifan Juju Music na 1982, kuma shi Paul Simon ya gayyata ya kaɗa a waƙar "Graceland" ta 1986. Kiɗan juju ba kantiri-rok ba ne, kalangunsa da tsawon waƙoƙinsa za su karya tafiyar jerin, don haka buɗe masa nasa daban. "Graceland" kuwa tana iya zama kafin "Windfall": gudunta matsakaici ne, jitar tana can sama siririya a bayan murya, tana cikin waƙoƙi ukun nan na gida na uku, kuma sai ka ɗan ƙara sauti kafin ka kama ta a mota.